Na Rufe Wa Inna Ƙofa

Wallahi abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina da shago a Jega, ina ɗaura wa mutane kyamarar tsaro. Akwai wani Alhaji mai fataucin albasa a Aliero, na ɗaura masa guda a tsakar gidan mahaifiyarsa a Karaye, don ya riƙa ganinta ta waya. To, adireshin intanet na gidan ba ya zama wuri ɗaya, yau wannan gobe wancan, shi ya sa na sa manhaja a kwamfutar shagona, ita ke karɓar sabon adireshi ta liƙa wa sunan kyamarar, wayar Alhaji kuma ta bi sunan.

Da tsohuwar ta rasu, ni da hannuna na kwance kyamarar na jefa a kwali. Amma kullum bayan la'asar sai adireshin ya sabunta, daga gidan da ke kulle, ko wuta babu. Na ce ɓarayin intanet ne, kuma ni na tsani a raina mini aiki, sai na kafa wa kwamfutar doka mai tsauri: babu mai taɓa sunan nan sai manhajar da na ba izini. Har ina yaba kaina.

Washegari sai ga Alhaji, ido jajir.

"Malam, mi ka yi ma wayata?"

Na nuna masa kwalin.

"Na sani," in ji shi. "Amma kullum la'asar ina ganin Inna bisa tabarma tana tsintar wake. Ban hwaɗa ma kowa ba. Jiya ta ɗago kai za ta yi man magana, sai hoton ya ɗauke."

Na juya kan kwamfutar. Na duba, lallai an yi ta neman shiga, dokata tana hanawa. Nan take na cire ta, muka zauna tare har magariba, hoton bai dawo ba. Har yau a buɗe na bar sunan, babu wanda ya sake zuwa.

Alhaji bai taɓa zargina ba, duk kaka ma sai ya aiko mini da albasa, ni kuwa kunyar cinta nake ji. Don Allah, masu irin aikina, kafin ku kulle abin mutum, ku tambaye shi wa ke shigowa.