Wanda Inna Ba Ta Ƙirga Ba

Makon jiya ina zaune ƙofar gida a Ƙonni saƙo ya shigo wayata, wai hukuma za ta sake zagayen gidaje don tattara bayanan jama'a, kuma tana neman ra'ayinmu kafin ta fara. Wanda ya yarda ya danna ɗaya, wanda bai yarda ba ya danna biyu, mai ƙarin bayani ya rubuta a taƙaice. A taƙaice! Mutanen da na tashi cikinsu ko gaisuwa ba sa yin ta a taƙaice. Ban danna komai ba. Na ajiye wayar, hankalina ya koma ƙauyenmu na ƙasar Dogarawa, ranar da hukuma ta zo neman ra'ayi da ƙafarta, ni kuma na yi mata tafinta.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in ɗauko mata wani abu sai ta ce "kai", in tana zancena da wani sai ta ce "wancan". Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar mahaifina, wanda danga ɗaya ce ta raba shi da namu. Kaka ta ɗauke ni miji, tana kirana maigida, kullum tana ƙorafin ban kawo cefane ba amma na fi kowa cin tuwo. A wurinta na sha gata har ya yi mini yawa. Sai dai ta cikin dangar nan ina jin Inna tana wasa da ƙannena, tana kiran kowa da sunansa har da na tsokana. Da na leƙo sai ta ɗaure fuska ta ci gaba da tankaɗe.

Ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, aka yi wata ƙidaya. Mahaifina ya tafi ci-rani, don haka mai ƙidayar ya tsaya daga bakin zaure yana tambayar Inna. Ni ina zaune kan turmin da aka kifa a tsakar gida. Ya ce 'ya'yanta nawa. Ta ce biyar, ta jero su ɗaya bayan ɗaya, daga mai bi mini har ta goye. Ya nuna ni da alƙalami ya ce wannan fa? Ko kallon wajen ba ta yi ba, ta ce, "Na tsohuwa na." Da ya shiga wurin Kaka, ita kuma ta ce ai an rubuta ni wurin uwata. Haka mutumin ya yi alamar alli a ƙofa ya wuce, ba ni nan, ba ni can.

Kaka ta yi dariya har da hawaye. "Maigida, ka huta," in ji ta, "gwamnati ba ta san da kai ba, balle ta biɗe ka lanho." Haraji ke nan a bakin mutanenmu. Ni ma na yi dariya, don na san al'adar, kowa ya san uwa ba ta faɗin ɗan fari. Amma sanin al'ada daban, ka ji uwarka ta ce biyar kana zaune daban. Abin ya yi mini ciwo, kuma ciwon bai tafi da ƙuruciya ba. Na girma, na yi karatu, na zama malamin lakwal, irin wanda a wajenmu ake kira mushe. Na koyar a ƙasar Illela, daga baya aka maido ni lakwal ɗin ƙauyenmu. Duk tsawon lokacin nan tambaya ɗaya nake ɗauke da ita, wadda ba a yi wa uwa: shin a cikin ranta ma biyar ɗin ne?

Bayan rasuwar Kaka, kullum da hantsi ƙanwata takan kawo mini kwanon fura ta ajiye. Ba ta cewa daga wa, ni ma ba na tambaya. Iyakar abin da ke tsakanina da Inna ke nan, sai gaisuwar safe da take amsawa tana duban wani wuri.

Wata shekara bayan girbi, gero ya shiga rumbu, wake yana shanye a kan rufin ɗakuna, mai shela ya zaga da gangarsa ya ce gobe baƙi na zuwa daga buro, wato ofishin hukuma, kowa ya fito, maza da safe, mata bayan la'asar. Washegari wata farar mota ta sauka daga kwalta, inda manyan motocin siminti na Malbaza ke wucewa suna girgiza ƙasa, ta biyo hanyar amalanke har gindin tsamiyar mai gari. Shugabar tawagar wata madan ce daga Yamai, doguwa mai tabarau. Hausarta ta sayen tumatir a kasuwa ce, saboda haka mai gari ya aika aka kira ni in tsaya tsakani.

Ta ce ba ƙidaya suka zo yi ba. Sun zo su tambaye mu yadda muke so a yi ta nan gaba: wane lokaci ya dace a zo, wa ya kamata a tambaya a gida, wace tambaya ce ke ɓata mana rai. Na mayar da wannan cikin Hausa. Wani dattijo ya karkato ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, "Ruwa ba ya tsami banza." Tun da muke, hukuma faɗa mana take yi, ba mu taɓa ganin ta zo tambaya ba.

Amma da aka zuba shayin farko bakuna suka buɗe, kuma rufe su ya zama aiki. Wani ya ce kada a kuskura a zo da damina, mutum yana tsakiyar noma ba ya da lokacin faɗin shekarunsa. Wani Bafillace da ke zaune bayan gari ya ce a tambaye shi komai zai faɗa, har abin da ya ci jiya, amma ban da yawan shanunsa. Wani tsoho ya tashi ya kwashe lokaci mai tsawo yana bayanin fanfon garin da ya lalace. Na ce masa, Baba, ba wannan aka tambaya ba. Ya ce, "An ce ra'ayi, ko ba a ce ba? To wanga shi na nawa." Wani kuma akuyarsa ce motar siminti ta take, yana so a rubuta. Madan ta rubuta fanfo, ta rubuta akuya, ba ta katse kowa ba. Har yau in na tuna zaman nan sai in ji kewarsa, da inuwar tsamiya, da ƙamshin shayi, da yadda talaka ke gyara zaman hularsa kafin ya yi magana don ya ga ana rubutawa.

Bayan la'asar mata suka cika farfajiyar lakwal, da tabarmi da goyo da 'yan kujerun tsugunne. Ni kaɗai ne namiji. Wata gwaggona ta ce, "Mushe, yau kai ma ka zama macce, sai mu ba ka zane." Aka kwashe da dariya. Na hango Inna can baya, jikin bango, ta ba ni gefen fuska kamar yadda ta saba. Ban sa ran jin muryarta ba, don ko a taron suna ba ta cika magana ba.

Matan sun fi mazan sanin abin da suke so. A aiko mata 'yan'uwansu, kada a aiko ƙattin da za su tsaya a zaure suna ɗaga murya. Kada a zo lokacin daka. A daina tambayar shekaru, wa ya rubuta? Daga nan madan ta gyara tabarau ta kawo abin da ya fi damunta. Ta ce a wannan yanki yaran da ke cikin takardun ƙidaya ba sa kai yawan waɗanda ke fitowa ranar rigakafi ko ranar shiga lakwal, shi ya sa magani da littattafai kan zo su kasa. Ta ce ko tsoron wani abu ne ke sa a ɓoye yara?

Na mayar. Matan suka dubi juna, wasu suka rufe baki da gefen mayafi suna murmushi. Ni na san amsar, na fi kowa saninta a wurin, amma aikina in mayar da magana ne, ba in yi ta ba. Sai na ji gyaran murya daga jikin bango.

"Mushe," in ji Inna.

Ba sunana ba ne, amma shi ne karo na farko da ta kira ni da wani abu wanda ya wuce "kai". Ta samu sunan aiki ta laɓe a bayansa.

"Mushe, gaya mata ba tsoro na ba. Duk maccen da ta gani nan, in an tambaye ta ɗiyanta, sai ta aje guda. Ba mantuwa ta ba. Na hwari, bakin uwa bai ɗaukar shi. In suna son lissahinsu ya cika, su tambayi kaka, ko maƙwabciya. In ko dole sai uwa, to su ce mata: ban da babban, nawa? Sai su ƙara gudan da hannunsu."

Matan suka hau cewa haka ne, wallahi haka ne. Na juya na mayar da shi cikin Faransanci, ina jin muryata kamar ta wani. Madan ta dafe goshi ta yi dariya, ta ce kakarta ma haka take yi wa babban kawunta, ita ce dai ba ta taɓa haɗa wannan da tambayoyin buro ba. Ta rubuta da sauri. Sannan, da yake ba ta san ko ni wane ne a wurin matar nan ba, ta ɗago ta ce in tambayar mata: ita nata na farin, yana raye? Yana ina?

Duk wadda ta ga fuskata ta gane an zo wurin. Na so in ce wa madan a bar wannan, amma bakina ya riga ni, ko kuwa zuciyata ce ta riga ni, don tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita ce aka ɗora mini a harshe, da izinin hukuma. Na dubi bango kusa da kan Inna na ce, "Madan ta ce, naki na hwarin, shina da rai? Ina ya ke?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗauki wani tsinke tana zane a ƙasa. Na yi zaton tashi za ta yi ta tafi. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Ce mata shina nan lahiya lau. Ce mata tun da sahe muryatai taka ji."

Gwaggon nan tawa ta rangaɗa guɗa, wurin ya kaure da shewa. Madan tana riƙe da alƙalami tana jiran fassara, ni kuwa Faransancin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Na tsaya a gaban matan garinmu, ƙato da ni, mushe guda, idona ya cika. Da ƙyar na ce mata, yana nan, ni ne. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta rufe littafinta a hankali. Kafin a tashi taron Inna ta sulale ta tafi gida. Ta yi kwanaki ko gaisuwata ba ta tsayawa amsawa, matan kuma suka samu abin tsokanarta a bakin rijiya har damina ta zagayo.

Wannan ne abin da nake tunawa in na ga an ce in danna ɗaya ko biyu. Ban ce waya ba ta da amfani ba, ta rage wa mutane tafiya. Amma da ta waya aka tambayi ƙauyenmu, da tsohon nan bai faɗi fanfonsa ba, da Inna kuma ta tafi da maganarta kabari. Irin wannan magana sai an shimfiɗa tabarma, an yi shiru an jira mai ita.

Da aka zo ƙidayar daga baya, 'yan mata aka aiko, kuma ba lokacin daka ba. Ba zan ce maganar Inna ce kaɗai ta jawo haka ba, wataƙila an faɗa musu irinta a garuruwa da yawa. Ranar na shiga gida gaishe ta, na tarar da wata yarinya da jakar takardu zaune a bakin tabarmarta. Na samu wuri na zauna nesa kaɗan. Yarinyar ta duba takardarta ta ce, "Inna, ban da babban, ɗiyanki nawa?"

"Biyat," in ji Inna, ta jero su kamar yadda ta jero su ina kan turmi. Wannan karon ban ji komai ba sai daɗi.

Yarinyar ta gama sauran tambayoyinta, ta yi godiya, ta miƙe. Har ta kai bakin zaure Inna ta kira ta ta dawo. Ta rage murya yadda take zaton ba zan ji ba, ta nuna takardar da haɓa, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.

"Ɗiyata," ta ce, "kin dai ƙara gudan ko?"