Farautar Malam Buɗe-littafi a Tsaskiya

Ni jikan mafarauta ne. Kakana da hannu yake kama kura, ya ja mata kunne, ya sake ta. Shi ya sa na yi dariya da 'yata Hauwa'u, mai karatun kimiyya, ta zo tana matsar ƙwalla, wai malaminsu ya ce kowa ya kawo malam buɗe-littafi ranar Litinin ko ya maimaita darasin baɗi. Wanda aka ba ta shi ne na bakin daji, mai ruwan ƙasa, da ɗigo kamar ido a fiffike. Na ce kafin la'asar zan koro mata garke guda.

Batsari zuwa Karare

Ana sallame asuba na tada babur. Makamaina biyu: koma da na ɗinka da tsohon gidan sauro, da kwalbar turaren Juma'a da na juye wa kaina kaf, don a lissafina mai bin fure dole ya bi ƙamshi.

A shingen bayan gari 'yan sintiri suka tambayi abin da zan kama. Na faɗa musu gaskiya. Babbansu ya daɗe yana kallona, sannan ya yi mini addu'ar samun lafiya.

A Karare na tarar an yi feshi, ko ƙuda babu a gonakin gyaɗa. Na ci waina, na wuce.

Safana zuwa Tsaskiya

Daga Safana hanya ta koma taɓo zalla. Rabi babur ya ɗauke ni, rabi na ɗauke shi. Da hantsi na sauka wurin taubashina Sale, mai kiwon shanu. Tun muna cikin gaisuwa ya toshe hanci, ya tambaya ko amarya ce ta ɓata hanya.

Bayan fura da nono muka nufi bakin kurmi. Ga malam buɗe-littafin kuwa can ƙasa-ƙasa cikin ciyawa, yana tsalle kamar busasshen ganye. In na matsa, ya matsa. In ya sauka ya rufe fiffike, sai ya ɓace a gaban idona. Waɗanda suka amsa gayyatar turarena ƙudan zuma ne, kuma da danginsu suka zo. Na yi gudun da rabona da irinsa tun ina firamare, santsi ya kwashe ni, na zauna daram cikin ɗanyen kashin shanu.

Ina zaune ina tunanin idon da zan kalli Hauwa'u da shi, sai ga mutumin ya sauka a gwiwata, hankali kwance. Sale ya kifa masa hulata.

Komawa gida

Bayan magariba na shigo Batsari, leɓe kumbure, farauta cikin kwalbar turaren da ta zama fanko. Hauwa'u ta duba ɗigon fiffiken, ta ce shi ne. Alhamdu lillahi. Na gode wa Sale da ya ara mini wando, duk da a ƙwauri ya tsaya.

Ina cikin ba uwargida labarin yadda dabbar ta san jinin mafarauta ta miƙa wuya da kanta, sai Sale ya kira ya ji saukata. Na buɗe muryar wayar don ya ba da shaida.

"Gaskiya ne, Hajiya, da kansa ya zo," in ji shi. "Duk turaren nan bai gane mijinki ba. Sai da ya koma warinsa na asali."