Kokon Baba da Littafin Matar Bature

Littafin girki ɗaya ne a gidanmu na unguwar Nima, kuma ba a taɓa dafa ko ruwan zafi da shi ba. Babana kuku ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kicin ɗin Turawa can bayan unguwar Kanda. Da matar uban gidansa na ƙarshe za ta koma ƙasarsu, sai ta bar masa shi, alhali ta san ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Ya zo ya aza rediyo a kai. Ni da na yi makaranta nake zaro shi ina karantawa, ba don in koyi komai ba, don daɗi kawai. Isar littafin ce take burge ni. Ki ɗauko ƙwai, ki kaɗa man shanu, ki bari ya huce. Bai taɓa tambaya ko akwai ba.

Sai shekarar yunwa ta zo, a farkon shekarun tamanin. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta lashe gonaki, ga ’yan uwa da aka koro daga Najeriya sun cika ɗakuna. Ka je Kasuwar Malam Atta ka tarar da tebura a kife. Mutane na layin ɗanyen kenke, tuwon ƙullun masaran nan da ake naɗewa a ganye, kowa ya karɓi ƙullinsa ya je gida ya dafa, don in ka jira ya nuna ba za ka samu ba. A gidanmu koko ne safe da yamma, tsararo, kana hango gindin kwano.

A nan Baba ya fara dabararsa. In an miƙa masa nasa, sai ya tura wa jikoki ya ce ya ƙoshi. Tun yana yi da gangan har bakin ya rufe da gaske, ko an kore yaran ba ya sha. Ya kwanta, ƙasusuwan wuyansa suka fito. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi masa faɗan da bai kamata ’ya ta yi wa uba ba. Ya juya fuska bango. Na tsorata ƙwarai, don na ga mutumin ya riga ya yanke shawarar tafiya.

Wata ranar bayan la’asar, haushi ya sa na ɗauko littafin na zauna a gefensa. Na buɗe wajen gasasshiyar kaza ina karantawa da ƙarfi, ina juya masa da Hausa. Da na kai inda aka ce a barbaɗa gishiri bayan an fito da ita daga tanda, sai na ji murya daga bango.

“Ƙarya ne. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ƙona hannu ba kraa, ko sau ɗaya.”

Ya juyo, ya tashi zaune, ya shiga bayani. Yana cikin masifa na sa masa ludayi a hannu. Ya kurɓa don ya jiƙa maƙogwaro ya ci gaba da zagin marubucin, ya sake kurɓa. Kafin mu gama da kazar nan rabin kwanon ya tafi.

Daga ranar muka mai da shi aiki. Ni karatu, shi gardama, ludayi na kaiwa da komowa. Ba kullum yake da gaskiya ba, wani lokacin ma ƙin yarda ne kawai irin na tsofaffi, amma ina ruwana. A nan na ji cewa rabin abin da ya dafa wa Turawa bai taɓa ɗanɗana shi ba, saboda alade da giya. Da hanci yake sanin gishiri ya ji.

Matsalar ita ce Goggo, yayarsa, wadda ɗakinta ke kallon namu, kuma ita ce babba a gidan. Yara sun fara taruwa a bakin ƙofa suna haɗiyar yawu, ƙaramin cikinsu ma har ya yi kukan a ba shi kaza. Goggo ta kira ni ta ce mugunta ce karanta wa mai jin yunwa labarin nama, kuma littafin da ake kiran sunan alade a ciki ba zai ƙara buɗuwa a gidan da ake salla ba. Maganar yaran gaskiya ta faɗa, na sani, har yau tana damuna. Amma na ce mata ƙaninta yana shan koko. Ta ce rai na Allah ne, ba na littafin kafirai ba. Na ce ban musa ba, amma gobe ma zan karanta.

Washegari na dawo daga layin famfo na tarar tana fifita kurfoti, bangon littafin yana nannaɗewa a cikin wuta. Ba ta ɓoye ba. Yammacin nan Baba ya dubi ƙarƙashin rediyo, ya juya bango. Kwana biyu kokonsa yana komawa yadda ya zo.

To, ni ’yar mutumin nan ce, taurin kan a wurinsa na gada. A rana ta uku na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai ƙofar Goggo, na tallabo Baba na zaunar da shi. Bai fi nauyin ƙunshin wanki ba. Na buɗe tafukan hannuna kamar mai riƙe da littafi, na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji. Na ce ga yadda ake miyar kuka: ki kaɗa kukar a ruwan sanyi tun kafin ki hura wuta, daddawa kuwa sai an sauke tukunya.

Baba ya daɗe yana kallon hannuwan nawa.

“Wannan ba shi cikin littafi,” in ji shi.

“Yana cikin nawa, Baba.”

“To, naki ya fi na matar Bature ƙarya paa, nesa ba kusa ba. Wa ya koya miki? Kawo ludayi nan.”

Ya sha, ya gyara mini miyar tun daga jajjage. Goggo na zaune a ƙofarta da carbi, ta ce yarinyar nan ba ta da kunya. Da ya gama na ɗauki kwanon, na je na kife shi a gabanta, ko ɗigo bai zuba ba. Na ce mata gobe dambu za mu yi, in tana so ta toshe kunne.

Haka na yi ta ƙirƙiro girki kullum yamma, ina ɓata shi da gangan, har na fara jin daɗin tsara maganar ita kanta: wace kalma ce ke sa yawu ya tsinke, a ina zan dasa kuskuren da zai tayar da tsoho zaune. Rubutun abincin da nake yi yanzu, wanda wasu ke cewa ba aikin mai hankali ba ne, a tabarmar nan na koye shi, kuma ba na neman afuwar kowa.

Goggo ba ta ba ni haƙurin littafin ba, ni ma ban ba ta haƙurin kwanon ba, har ta koma ga Allah. Baba dai ya ga ruwa ya dawo. Ya ci dafaffiyar masarar sabuwar damina da sauran haƙoransa, ya cinye tas, sannan ya ce mini gishiri bai ji ba.