Kaskon Turaren Inna

Shekarar da Inna ta baro garinmu na can gefen tafki saboda harin 'yan bindiga, da ƙafa ta fito, ba ta ɗauko komai ba sai ƙunshin zani guda. Ta sauka a gidana da ke Jiddari Polo, na ba ta ɗakin da ke kallon bishiyar dalbejiya. Watanni suka shuɗe, ƙunshin nan yana bakin ƙofa, ba ta kwance shi gaba ɗaya ba. Ta zaro abin da take so, ta mayar ta ɗaure.

Sai labari ya zo wai hanya ta buɗe, mutane sun fara komawa. Ni kuwa na san waɗanda suka koma aka daina jin ɗuriyarsu. Inna ta ce motar ranar Asabar za ta bi.

"Inna, ki rufa mini asiri," na ce mata. "Me kika rasa a nan?"

"Ban rasa komai ba, 'yar nan. Gidanki ne dai."

Maganar ta ƙona mini rai. Ni mace ce mai zafin kai, in abu ya tsaya mini a wuya sai na yi aiki da hannuna. Na ce to bari in mayar mata da ɗakin nan nata. Ranar da ta tafi gaisuwar rasuwa a unguwar Shehuri, na kira mai fenti ya shafe bango da fari tas, irin ɗakunan da nake gani a waya, waɗanda ake cewa suna kwantar da hankali. Na sa labule mai ruwan madara, na shimfiɗa sabuwar darduma. Tarkace duk na kwashe: gwangwanaye, tsummoki, da wani tsohon kaskon turare na yumɓu da na tarar a bayan gado, baƙi ƙirin, bakinsa a ɓantare. Na zuba su a buhu na ajiye a waje. A gurbinsa na jona mata na lantarki, mai ruwan zinariya.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko cire takalmi ba. Ina jiran sa albarka.

"Haka maharan suka bar gidan ƙanwata," ta ce. "Bango kawai."

Ta shiga, ta durƙusa ta leƙa bayan gado, ta laluba da hannu. Ta daɗe a haka.

"Ina kaskona?"

"Wanne? Fasasshen nan? Ai ga sabo, Inna, ba ruwanki da garwashi."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce mini ranar da aka shigo garin, shi ne a hannunta, tana turara ɗakin Baba. Zubar da garwashin kawai ta yi ta cusa shi a zani da zafinsa, har ya ƙone mata cinya. Tun tana amarya take ƙona turaren kajiji da hawi a cikinsa. Ko babu wuta, in ta kai hancinta sai ta ji ɗakinta. Daga nan ta jawo ƙunshinta ta ƙara masa ƙulli.

Wallahi ko mayafi ban ɗauka daidai ba. Na fita, buhu babu shi, mai baron shara ya riga ya kwashe. Na bi layi ina tambaya kamar wadda ta ɓatar da ɗa. Na iske shi wajen juji, na sa ya zazzage baronsa, na tona da hannuna cikin ɓawon kankana da ledoji, mutane na kallona. Babu. Na hau shi da masifa, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Da ƙyar ya samu ya ce ai Madam mai shagon kan kwanar layinmu ta ciri wani abu a buhun.

Madam 'yar kudu ce, ta fi ni daɗewa a unguwar, Hausarta har da karin Barebari. Tana ganina ta ce, "Maman yara, lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce kasko. Ta yi dariya ta nuna mini bayan shago. Ga shi nan a ƙasa, 'yan tsakinta na shan ruwa a ciki. Ta wanke shi da omo da soson ƙarfe, ya yi ja wur. Na kai hancina, ƙamshin omo kawai. Nan na zauna a kan buhun shinkafarta na fashe da kuka, ita kuma tana ta ba ni haƙuri ba ta san laifin da ta yi ba.

Na koma gida ina jan ƙafa. Inna tana zaune a gefen gado, ƙunshin a cinyarta. Na durƙusa na miƙa mata kaskon da hannu biyu.

Ta juya shi, ta shafa ɓantaren da ɗan yatsa. Ta shinshina, ta sake shinshinawa. Na ce a raina shi ke nan, Asabar ta tabbata, kuma ni na saka ta a motar da hannuna.

"Wace marar hankali ce ke wanke kaskon turare?" ta ce.

"Laifina ne, Inna."

"Na sani." Ta ture na lantarkin da ƙafa, ta kalli farin bangon sama da ƙasa. "Wannan bangon ma ko ƙamshin mutum babu. Tashi ki ɗebo mini garwashi."

Na kawo a murfin tukunya, ta juye a kaskon. Ta kwance ƙunshin nan har ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, ta zaro wata 'yar kwalbar turare ta barbaɗa a kan garwashin. Hayaƙi ya tashi siriri ya bi bango.

"Sai ya shekara yana shan hayaƙi safe da yamma kafin ya dawo yadda yake," ta ce. "Ke kuwa ba zan bar miki shi ba, ba ki iya ba."