Gonar Doyar Baba Shekwolo

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Baba Shekwolo ya yi abin da har yau matarsa ba ta yafe masa ba. Ya ɗauki gonarsa ta doya da ke bayan Gonin Gora ya ba ƙaramar hukuma kyauta, a gina firamare. Duk saboda jikarsa Dorcas ne, wadda kullum sai ta tsallaka titin Abuja, tsakanin tireloli, kafin ta kai aji.

Ciyaman ya zo da makaɗa, ya aza bulo ɗaya, aka yi tafi, aka watse. Daga nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Damina ta sauka, Baba ya ƙi sa fartanya a wurin. "In magina suka zo fa?" ya ce wa matarsa. "Ba a noma filin yara."

Mutanen da rikici ya koro daga tsallaken kogi suka cika unguwar maƙil, gidaje suka yi wa filin zobe. Masu neman fuloti suka yi ta zarya, yana korar su da sanda. Kowane sabon ciyaman kuwa sai ya zo ya aza nasa bulon kusa da na wancan, ko kunya babu.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, amma kowace safiya yana zaune a kan bulon farko, ciyawa har gwiwa. Ta gabansa Dorcas take wucewa, riƙe da hannun ɗanta gam, za ta tsallakar da shi titi.