Abincin Tsaye a Mubi

Mun tashi da asuba daga Sahuda a bayan a-kori-kura, ni da masu kai gyaɗa kasuwa da wata akuya da ta yi ta taka ni har Mubi. Damina ta cinye hanya, sau biyu muka sauka muka tura mota a yashin rafi. Kuɗin mota naira ɗaya, turi kuwa kyauta muka yi wa direba.

Ba kasuwa ta kai ni ba. Babban ɗana ne ke aikin akawu a can. Shekara uku ba ma magana, tun ranar da ya ajiye fartanya na faɗa masa abin da bai kamata uba ya faɗa ba. Mu a gidanmu ba mu iya ba da haƙuri da baki ba. In an sa hannu a akushi ɗaya, magana ta ƙare. Abin da na je nema ke nan.

Na same shi da azahar. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce rabin awa kawai aka ba shi na cin abinci. Ya ja ni wani shago kusa da tasha, na wani da ya dawo daga Legas. Ba tabarma, ba benci, ba ruwan wanke hannu.

Ya ce, "Baba, wannan shi ake kira fas fud."

Na ce, "Da Hausa fa?"

Ya ce abincin gaggawa, an riga an dafa, ka biya, ka karɓa, ka wuce. Na ce to ai ƙosai da tsire sun daɗe suna wannan aikin, ba wanda ya kafa musu allo.

Aka miƙo mana wani gasasshen abu na fulawa mai nama a ciki, da dafaffen ƙwai, kowa a takardarsa. Nasa daban, nawa daban. Na tsaya ina kallo. Sai na shimfiɗa takardata a kan kantar shagon, na juye nasa a kan nawa, na gutsuttsura su wuri guda. Mai shago ya yi dariya. Yaron bai yi ba. Ya dube ni, ya naɗe hannun rigarsa, ya jira na fara, sannan ya sa hannu.

Ranar ya makara wurin aiki.

Na iso gida dab da magariba, ƙafa a kumbure. Abin da na koyo, an yi abincin nan ne don a ci a rabu da wuri, amma ko a tsaye ana iya shiryawa. Uwarsa ta tare ni a ƙofa, ta ce me muka ci. Na ce ko gishiri bai ji ba, amma tare muka ci. Ta juya da sauri ta shige madafa, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido.