Furar da Inna ta kawo daga Paiko

Inna ta shigo da kwanon fura da nono, tun daga Paiko ta riƙo shi a cinya. Kwanana shida a gadon asibiti, ciwon kumburin hanji ya sake tasowa.

Nas ta ce, "Mama, nono yana ƙara mata gudawar jinin."

Inna ta dube ni. "Habiba, to me zan kawo miki? Uwa ba ta zuwa dubiya hannu rabbana."

Ta miƙa wa matar gadon kusa furar.

Washegari da jarkar ruwa ta zo. Ta lura famfon banɗaki ba ya kawowa, ni kuwa sau tara nake shiga a yini.

Ku da kuka taɓa kwanciya, me aka kawo muku da ya sa ku hawaye?